Cajin waya a kan hanya: soket na bango ko jikin kwamfuta?

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano, Maraɗi, Kwatano da Kumasi ya san waya ta zama rabin jari. Lambobin abokan ciniki na ciki, lissafin bashi na ciki, kuɗin ma yanzu a ciki suke. To in batir ya yi ƙasa, a ina ya fi dacewa a jona ta?

In sauri ake so, bango ne gaba. Ramin USB na tsohuwar kwamfuta wat 2.5 kacal yake bayarwa, mai shuɗin ciki kuma wat 4.5. Kan caja na bango, ko matsakaici ne, yana ba da wat 10, masu sauri su kai 18 ko 25. Wayar da batirinta 5000 mAh ne za ta cika cikin awa biyu zuwa uku a bango, amma a tsohuwar kwamfuta sai ta kwana. In kwamfutar ta yi barci, wani lokaci ma cajin tsayawa yake.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: igiyar da ke kai wuta ita ce kuma ke ɗaukar bayanai. Soket ba ya karanta komai, kwamfuta kuwa tana iya leƙa hotunanka da takardunka, ko ta sa wa wayar cuta. Don haka kada ka jona wayar da ke riƙe da kuɗinka a kwamfutar shagon buga takardu ko ta baƙo. In dole ta sa, zaɓi "caji kawai", kada ka yarda da tura fayil.

Bango ma na da nasa sharaɗin. Cajar jabu tana zafi, tana kashe batir, araha ba ta ado. In an ɗauke wuta, zare ta, don dawowar wuta da ƙarfi kan ƙona caja. Haka lokacin tayar da janareta. Sannan soket ɗin Najeriya da Gana mai baki uku ne, na Nijar, Kamaru da Cadi galibi mai ramuka biyu zagayayyu. Ƙaramar adafta a jaka ta raba ka da roƙo a masauki.

Kwamfutarka ta kanka, in babu wuta, da babu gara ba daɗi. Ta wani kuwa, a bar ta. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.