Dakta Strange da likitan da ke aiki a kan keken guragu

A shirin fina-finai na wannan mako mun taɓo Doctor Strange, fim ɗin Marvel na 2016. Tun 1963 jarumin ya fara fitowa a littattafan zane. A fim ɗin, gwanin tiyatar ƙwaƙwalwa ne mai ji da kansa, sai hatsarin mota ya lalata masa jijiyoyin hannu. Shi ke nan ya bar asibiti, ya nufi Kathmandu neman magani, ya ɓuge da koyon tsafi.

To, abin da bai kwanta mini ba: kamar dai fim ɗin na cewa in hannu ya tafi, likitanci ya tafi. Tiyata kam sai da hannu, amma ina sauran fannonin?

Ku dubi Dinesh Palipana, haifaffen Sri Lanka, mazaunin Ostireliya. Yana tsakiyar karatun likita a Jami'ar Griffith hatsarin mota ya taɓa masa lakar baya a 2010, ƙafafu suka shanye, yatsu ma suka daina aiki. Bayan shekaru yana jinya ya koma aji, ya sake koyon duba mara lafiya da abin da ya rage masa na motsi. Ya kammala a 2016, daidai shekarar da Strange ya fito a sinima.

Samun gurbin aiki ma sai da aka kai ruwa rana. A 2017 ya fara aiki a Asibitin Jami'a na Gold Coast, daga baya ya zauna a sashen gaggawa.