Ina Za Ka Ajiye Makullin Mota In Za Ka Shiga Ruwa?

Duk mai motar da ya fita iyo, ko buga ƙwallo, ko gudun motsa jiki da sassafe, sai ya ci karo da matsalar inda zai sa makulli, domin gajeren wandon wasa ba kasafai yake da aljihu mai zif ba. Wani ya ɗora shi a kan taya, wani ya cusa shi a takalmi ya rufe da tawul, wani kuwa ya tsunduma ruwa da shi. Dabarun nan duk an gaje su ne daga zamanin da makulli yake ƙarfe zalla, wanda in ya ɓace za a yanko wani a kasuwa da kuɗi kaɗan. Makullin yau na'urar lantarki ce mai tsada, ruwa yana kashe ta, ɓoyo kuma ba ya tsare ta. Saboda haka tun a gida ya kamata a yanke shawarar ajiyarsa, ba sai an tsaya a bakin ruwa an tuɓe riga ba.

A cikin ƙoƙon robar makullin yau akwai abu uku: ƙarfen buɗe ƙofa, rimot mai ɗan faifan batir, da wata 'yar ƙwayar lantarki mai ɗauke da lambar sirri. In ƙwaƙwalwar mota ba ta gane lambar ba, inji ba zai tashi ba, ko da ƙarfen ya juya daidai. Jamus da Birtaniya sun wajabta wannan tsari ga sababbin motoci tun 1998, don haka yawancin motocin hannu da ake shigo da su daga Turai suna ɗauke da shi, kuma sau da yawa da makulli ɗaya tak suke isowa. In wannan ɗayan ya salwanta, sai an sayi sabo, an nemo mai kwamfutar da zai haɗa shi da motar, wani lokaci ma sai an jawo ta zuwa gareji. Wanda makullinsa ya sulale daga aljihu a ruwan Wikki da ke Yankari, fiye da kilomita 100 daga garin Bauchi, shi da iyalinsa za su kwana inda ba su shirya ba.

Wani zai ce ai an sha wanke wando da rimot a aljihu, kuma ya ci gaba da aiki. Haka ne, domin da yawa daga cikinsu suna da zoben roba mai tare yayyafi da gumi. Amma yayyafi daban, nutso daban, kuma zoben yana saki bayan an sha buɗe ƙoƙon don sauya batir. Ɓarnar ruwa ba nan take take bayyana ba. Danshi yana maƙalewa a ciki, wutar batir tana hanzarta tsatsa, sai bayan kwanaki rimot ya fara gardama. Ruwan teku irin na gaɓar Legas ya fi muni, saboda kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. In makulli ya jiƙe, kada a yi ta danna shi don gwaji. A cire batir maza, a ɗauraye cikinsa da ruwa mai tsabta in na gishiri ne ya shiga, a bar shi ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, sannan a sa sabon batir.

Ɓoyo a jikin mota ya fi haɗari, musamman ga motar da ake tayarwa da danna maɓalli. Irin wannan mota tana jin makullinta in yana tsakanin mita ɗaya zuwa biyu, ta buɗe wa duk wanda ya ja hannun ƙofa. Ajiye shi a kan taya daidai yake da barin ƙofar a buɗe. Nisa ma ba ya hana ƙwararrun ɓarayi. A 2011 masu bincike na jami'ar fasaha ta Zurich a Suwizalan sun gwada motoci iri 10 na kamfanoni 8, suka nuna cewa da na'urar da ke miƙa siginar makulli daga nesa ana iya buɗe su duka a tayar. Mai cewa wannan satar Turawa ce, ba ta zo nan ba, ya manta cewa ɓarawon wurin ajiye motoci ba ya buƙatar wata na'ura. Zama kawai zai yi yana kallo, ya ga wanda ya durƙusa a gefen taya ya waiga hagu da dama. Ga shi kuma kamfanonin inshora da dama ba sa biyan diyya in an bar makulli a cikin mota ko a jikinta.

Mafita mafi sauƙi ita ce damƙa shi ga ɗan'uwa ko abokin tafiyar da ba zai shiga ruwa ba, ba wani yaron da aka tsinta a wurin ba. In kowa zai shiga, a sayi 'yar jakar roba mai igiyar wuya, mai alamar IPX8. Alamar IPX7 tana nufin jure ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 kawai, ita kuwa IPX8 ta wuce haka. A fara gwada ta a gida: a sa takarda a ciki, a danna ta cikin bokiti na awa guda, a duba ko ta jiƙe. Masu wasan hawan igiyar teku a Ostareliya suna amfani da ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobi da ake ƙullawa a ƙugiyar jan mota. Ga mota mai maɓalli, akwatin ba ya wadatarwa sai an fara sa rimot a jakar tare sigina, wadda aka lanƙaya wa sunan Michael Faraday. Gwajinta ba wuya: a tsaya kusa da mota da makulli a cikinta a ja ƙofa, in ta buɗe to jakar banza ce. Mai gudu ko ƙwallo kuwa, ɗamara mai zif ta ishe shi.

Za a iya cewa wannan duk ɗawainiya ce a kan abin da bai faru ba. Sai dai a auna kuɗin jakar roba da kuɗin sabon makulli, da na jan mota, balle asarar motar ɗungurungum. Babban abin da ya kamata a fara yi shi ne samar da makulli na biyu tun na farko yana hannu, domin a lokacin haɗa shi ya fi sauƙi da araha, sannan a bar shi a gida wurin wanda zai iya kawowa in an kira. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.