Ba Nijar ce ta ɗauke mana wuta ba

Duk lokacin da aka ɗauke wuta a Haɗeja, ba a rasa mai cewa: "Mu muna cikin duhu, ana kai wa Nijar tamu." Zafin rai ne mai dalili, amma zargin ya sauka inda bai kamata ba.

Gaskiya ne Najeriya na sayar wa Nijar lantarki, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, da wanda ya tashi daga Katsina ya nufi Maraɗi da Damagaram. Ba sadaka ba ce. Kogin Kwara sai ya ratso Nijar kafin ya iso madatsar Kainji da aka kammala a 1968, kuma maƙwabcin da kake ba wuta ba ya gaggawar tare maka ruwa. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, an yanke musu wutar har zuwa Maris na 2024. Wa ya ga ta wadata a Haɗeja cikin waɗannan watanni?

Ciwon yana jikin waya. Yawancin wutarmu daga tashoshin gas na kudu da madatsun Kainji, Jebba da Shiroro take tasowa, ta bi ta Kaduna da Kano, sannan ta ƙaraso mana a wutsiyar layi, ta hannun kamfanin rarraba wuta na KEDCO. Shi ya sa da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a Oktoban 2024, jihohin Arewa suka kwashe kwanaki babu wuta. Masu casar shinkafa, masu walda da masu ƙanƙara sun ji a jikinsu.

Abin takaicin shi ne rana ba ta yi mana rowa ba. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu kan yarjejeniyar gina manyan tashoshin sola a ƙasar nan, wasu a Jigawa, amma maganar ta sarƙe kan farashi da lamunin biya. Ko da an gina su, tambaya tana nan: ta ina wutar za ta fita? Manomin Auyo ya san ruwan da ke kwance a dam ba ya shayar da alkama sai an ja masa hanya zuwa gona. Sola kuma da rana take bayarwa. Bayan magariba dole a samu inda za a ɗebo, ko dai batura masu tsada, ko layi mai ƙarfi da zai kawo wutar ruwa da ta gas daga nesa.

A nan ne cinikin ƙetare iyaka yake da amfani. Tun 1999 ECOWAS ta kafa tsarin haɗa layukan wutar Afirka ta Yamma, kuma ana shimfiɗa babban layi mai kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Nijar, Benin da Burkina Faso. Mai zuba jari ya fi sakin kuɗinsa idan ya san rarar tsakar rana tana da mai saye a Kano ko Damagaram.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwarsu ta wuta. Don haka idan wakilanmu suka zo da albishir ɗin tashar sola, mu tambaye su layin da zai kwashe ta, da ƙarfin taransifomar da za ta karɓa, da ko reshe zai gangara fadama inda masu noman rani ke ƙona fetur a injin ban ruwa.