Gyara Kayanka: Yadda Ake Sabunta Ƙotar Bindiga A Maiduguri

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Barno. Tun cikin ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya samo bindigogi daga wajen Turkawa, kuma da ƙarfin bindiga ne Rabe ya ci ƙasar a 1893. Cikin watan Mayu na 2014 ma, mafarauta suka hallara a Maiduguri da bindigoginsu na toka, suna neman izinin shiga daji neman 'yan matan Chibok.

To, amma sau da yawa mai bindiga ƙarfen kawai yake kula da shi, ya manta da icen. Alhali kuwa ƙota ita ce ke riƙe da bututu, ita kuma ke dukan kafaɗa idan an harba. Zafin Maiduguri da iskar hunturu sukan busar da ice har ya tsage. A nan kudu kuma, kamar Agege ko Sabon Ibadan, laima ce ke kumbura shi, tsatsa ta ci ƙarfe ta ƙarƙashi. Ƙotar da ta tsage tana iya darewa wajen harbi, ta raunata mai ita. Shi ya sa ya kamata mafarauta da masu gadi su san yadda ake wannan gyara.

Da fari sai a tabbata babu albarushi a ciki, domin bindigar toka takan daɗe da ɗuri mai ita bai sani ba. Sa'an nan maƙeri ya raba ƙarfe da ice. Daga nan kafinta ya kankare tsohon fenti da daɗɗalar gumi da wuƙa ko fasasshen gilashi, yana bin tsawon icen a hankali. Ba ya cin wurin da bututu ke kwanciya, don kada ƙarfen ya yi lako-lako. Bayan haka ya bi da samfefa, mai kaushi tukuna, sa'an nan mai laushi.

A nan ne ɓoyayyen aibi ke fitowa fili. Inda icen ya loɓa, akan ɗora jiƙaƙƙen tsumma a danna da dutsen guga mai zafi, tururi ya ɗago wurin. Ƙaramar tsaga akan cika ta da gam a ɗaure tam har ta kama. Amma idan tsagar ta ratsa wuyan ƙota, bayan kunama, ba sauran dabara, sai a sassaƙa sabuwa da ice mai ƙarfi irin maɗaci.

Sai batun shafa mai, inda mutane suka fi yin kuskure. Baƙin man mota yana ruɓar da ice, man gyaɗa kuwa ba ya bushewa, sai dai ya yi danƙo ya kwashi ƙura. Man linsid na masu sayar da fenti shi ya fi dacewa. Akan shafa kaɗan da tsumma, a goge ragowar, a ajiye a inuwa kwana guda, a sake, har sau 5 ko fiye. Tsumman kuwa kada a dunƙule shi a yar, gama yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a fili, nesa da albarushi.

Abu na ƙarshe, Dokar Bindigogi ta 1959 ta tanadi lasisi har ga bindigar toka. Wanda ya gyara ƙota, ya gyara takardarsa ma. Hausawa dai sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.