Friedrich Mohs da ma'aunin taurin duwatsu: Abubuwan da ya kamata ka sani

Goga dutse a jikin dutse don a ga wanda zai karce ɗan'uwansa tsohuwar dabara ce, mahaƙa sun san ta tun kaka da kakanni. Mataki na gaba shi ne jera duwatsun a ba kowanne lamba. Wani Bajamushe masanin ƙasa da ma'adinai, Friedrich Mohs, shi ya yi wannan a 1812, kuma har gobe da lambobinsa ake aiki.

Wane ne shi?

An haife shi a 1773 a garin Gernrode, a yankin duwatsun Harz na Jamus, inda haƙar ma'adinai ta daɗe da zama sana'a. Ya yi karatu a Jami'ar Halle, sannan ya wuce makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg, ya zauna gaban Abraham Gottlob Werner, babban malamin fannin a zamanin. A 1801 ya zama shugaban ma'aikata a wata mahaƙa.

Shekara guda bayan nan ya koma Vienna, inda wani attajirin banki mai suna van der Nüll ya ɗauke shi ya tsara masa tarin ma'adinan da ya saya. Nan ne Mohs ya gamu da matsalar da ta cinye rayuwarsa: ga duwatsu jibge, wasu sun yi kama kamar an tsaga kara, ta yaya za a bambance su ba tare da an narka ko an niƙa ba?

A 1812 ya zama farfesa a Graz. A 1818 ya gaji kujerar malaminsa Werner a Freiberg, a 1826 ya koma Vienna. Ya rasu a 1839 a Agordo ta Italiya, yana kan tafiya.

Yadda ma'aunin yake

Ya zaɓi ma'adinai 10, ya jera su daga mafi laushi zuwa mafi tauri, kowanne na karce na ƙasa da shi. Na 1 shi ne talk, wanda ake niƙawa a yi hoda. Na 2 jifsam, wanda ake sawa a siminti. Sai kalsait, fulorait, afatait da otokilas, daga 3 zuwa 6. Na 7 kwaz, wato dutsen da mafi yawan yashi daga shi yake. Na 8 tofaz, na 9 korandam, dangin yakutu, na 10 kuma daimon.

Daɗin abin shi ne ba sai ka mallaki goman nan ba. Farcenka yana wajen 2.5. Gilashin taga da bakin wuƙa suna wajen 5.5. Da su kaɗai mutum zai raba gardama mai yawa a bakin rami.

Ɗauki zinare. Akwai wani ma'adini mai suna fairait da ya sha yaudarar mutane, don launinsa da ƙyallinsa sak na zinare. Amma zinare yana tsakanin 2.5 da 3, fairait kuwa 6 zuwa 6.5. Dasa tsinin wuƙa a kan zinare, za ka ga ya lotsa ya bar shaida. Yi wa fairait haka, wuƙar za ta zame, in ka matsa da guduma ya farfashe. Mahaƙi a Zamfara da mai neman shuɗin yakutu a tsaunin Mambila duk wannan gwajin ne a hannunsu.

Kai da ba ruwanka da rami ma abin ya shafe ka. Makullin da ke aljihunka ba kasafai yake karce fuskar waya ba, ƙwayar yashi ɗaya kuwa ta isa, domin kwaz ya fi gilashin tauri. Saboda haka goge waya da gefen riga a lokacin ƙurar hunturu ganganci ne.

Inda ake kuskure

Lambobin nan jerin gwano ne kawai, suna faɗin wa ke gaba da wa, ba sa faɗin girman tazarar. Tsakanin 9 da 10 taki ɗaya ne a takarda, amma da aka auna da na'ura sai aka ga daimon ya ninka korandam kusan sau 4. Shi ya sa injiniyoyi ke amfani da wasu ma'aunai, irin na Vickers, idan ana son cikakken lissafi.

Kuskure na biyu ya fi tsada. Tauri a nan yana nufin ƙin karcewa, ba ƙin fashewa ba. Daimon ba ya karcewa sai da daimon, amma guduma tana tarwatsa shi. Wanda ya gwada dutsensa da guduma don ya ga ko na gaske ne, ya yi asarar da ba ta da gyara.

Babban aikin da bai ɗore ba

Ni abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne, ma'aunin nan ƙaramin sashe ne na abin da ya sa a gaba. Burinsa ya tsara ma'adinai gida-gida da dangi-dangi kamar yadda masana suka tsara tsirrai da dabbobi, ta hanyar abin da ido da hannu ke iya tantancewa: siffa, nauyi da tauri. A kan haka ya wallafa babban littafinsa mai juzu'i biyu tsakanin 1822 da 1824, wanda ɗalibinsa Wilhelm Haidinger ya fassara zuwa Turanci a 1825.

Sai dai zamani ya karkata ga masu duba sinadaran da ke cikin dutse, irin su Berzelius ɗan Suwidin, kuma tsarinsu ne ya yi rinjaye. Aka ajiye rabe-raben Mohs a ɗakin tarihi. Duwatsun nan goma kuwa ana sayar da su a ƙaramin akwati, ɗaliban kimiyyar ƙasa na shekarar farko suna ta goga su a ɗakin gwaji.