Ilimin da ba ya cikin littafin aiki

A shekarun 1980 wani mai bincike, Julian Orr, ya riƙa bin masu gyaran injin fotokwafi na kamfanin Xerox a Amurka yana lura da aikinsu. Kamfanin ya horar da su, ya ba kowa littafi mai cewa in inji ya nuna alama kaza, a canja abu kaza. Amma inji ba ya lalacewa bisa tsarin littafi. Wani ƙura ce ta dame shi, wani ɗakin da aka ajiye shi ne mai laima, wani kuwa tsufa ne ya haɗa masa matsala biyu a lokaci guda.

To ina masu gyaran suke samun mafita? Wajen karin kumallo da abincin rana. Nan wani zai ba da labarin injin da ya sha masa kai jiya, da abin da ya gwada bai yi ba, da wanda ya yi. Mai sauraro yana kwasar har da kuskuren, abin da horo ba ya koyarwa. Orr ya fitar da wannan a littafi a 1996.

Bayan wannan bincike Xerox ya kafa rumbun dabaru a kwamfuta mai suna Eureka, aka fara da Faransa. Ma'aikaci ya rubuta dabararsa, ƙwararru su tantance, sannan a sa ta da sunansa a kai. Sunan nan shi ya sa mutane suka riƙa bayarwa, ya kuma sa kowa ke kiyaye abin da zai rubuta.

Yau wannan hira ta koma WhatsApp. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre a Kano zai ɗauki hoton cikin waya ya tura zauren abokan sana'a, kafin la'asar amsa ta zo. Sauri kam akwai, amma abu biyu sun yi ƙaranci: tantancewa da ajiya. Shawarar da ba daidai ba tana yawo kamar ta gaskiya, mai kyau kuma gaisuwa da saƙonni su binne ta cikin kwana biyu.

Saboda haka mai shago ko shugaban ma'aikata, kada ka hana wannan hira da sunan ɓata lokaci. Ka wakilta gogaggen ma'aikaci ya riƙa tace abin da aka tura, ya adana shi da sunan mai shi, a koyar da shi a horo na gaba.