Abincin Masu Wanke Ruwa

Jama'a, duk mun san ruwa shi ke wanke kome. To, shi kuma ruwan in ya ƙazantu, me ke wanke shi? Wannan shi ne karatunmu na yau.

A ƙauye in mun gama wanki sai mu zubar da ruwan, ƙasa ta shanye. A babban birni abin ya fi ƙarfin ƙasa. Mutane sun yi yawa, ga kuma masana'antu. In aka bar ruwan ƙazantarsu ya gangara kogi, mu na gefen kogin mu za mu sha shi, mu da dabbobinmu. Domin haka ake gina ma'aikatar tsabtace ruwa. Akwai irinta a Wupa, cikin Abuja.

Masu Aikin

Masu wanke ruwan wasu 'yan ƙananan halittu ne, ana ce da su bakteriya. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wasu irinsu suna kawo cuta, amma da yawa masu amfani ne. Irinsu ne ke mai da madara nono, irinsu ne kuma ke nunar da daddawa.

A shekarar 1914 wasu Turawa biyu, Ardern da Lockett, suka bayyana wata dabara a birnin Manchesta ta ƙasar Ingila. Ana tara ruwan ƙazanta cikin babban tanki, a yi ta hura masa iska. Ƙwayoyin su cinye ƙazantar, su hayayyafa, su dunƙule kamar laka. Sa'an nan a kai ruwan wani tanki inda ba motsi. Lakar ta kwanta a ƙasa, ruwa mai haske ya fita ta sama. Sai a komar da wani kashi na lakar cikin tankin farko, domin ta ci gaba da aiki. Har yanzu ana bin wannan dabara a ƙasashe da yawa.

Abinci Iri Uku

Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Waɗannan ma'aikata ma sai sun ƙoshi su ke aiki. Kuma yadda ba mu cin tuwo gaya, haka su ma. Abincinsu iri uku ne.

Na ɗaya, ƙazantar kanta, watau ragowar abinci da maiƙo da kashi. A cikinta akwai abin da a ke kira kabon. Shi ne tuwonsu, shi ke ba su ƙarfi.

Na biyu, naitirojin. Shi ne miyarsu, da shi su ke gina jiki. Manoma sun san shi, gama shi ne ke cikin takin yuriya.

Na uku, fosfaras. Shi ne gishirinsu: kaɗan ya isa, amma in babu shi ba su hayayyafa. Shi ne ke cikin takin supa.

Masana sun ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: 100 da 5 da 1. Watau ga kowane kilo 100 na ƙazanta, ana son kilo 5 na naitirojin, da kilo 1 na fosfaras. Ita ƙazantar ba a kan sikeli a ke auna ta ba. Ana ɗiban ruwan a kwalba, a duba yawan iskar da ƙwayoyin suka shanye cikin kwana 5.

Mu yi lissafi. In ƙazantar yini ɗaya ta kai kilo 1,000, ana bukatar naitirojin kilo 50 da fosfaras kilo 10. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Ashe in ruwan ba shi da naitirojin ko kaɗan, sai an zuba buhu 2 da 'yan kai.

In Ya Gaza

Ruwan gidaje ba ya rasa miya da gishiri, domin fitsari cike ya ke da naitirojin, kuma da fosfaras a cikinsa. Amma ruwan masana'antar sukari ko ta takarda, tuwo ne tsagwaronsa. A nan ƙwayoyin kirki su kan raunana. Sai wasu masu kama da zare su yi yawa, lakar ta kumbura, ta yi yauƙi, ta ƙi kwanciya. Daga nan sai ta bi ruwa ta fita kogi, aiki ya ɓaci. Maganin abin, a ƙara yuriya da fosfaras daidai gwargwado.

In Ya Yi Yawa

Kada mu ce tun da taki magani ne, a zuba da yawa. Ƙwayoyin ba su cin abin da ya wuce cikinsu. Ragowar sai ta shiga kogi ta zama taki ga gansakuka da kainuwa. Su rufe fuskar ruwa. In sun mutu suka ruɓe, sai su shanye iskar da ke cikin ruwan. Kifi ya mutu, ruwa ya yi wari, masunci ya koma gida hannu rabbana. Domin haka mai kula da ma'aikatar ya ke auna ruwa a kai a kai, inda ya shigo da inda ya fita.

Namu Aikin

Abin da ke faruwa a kogin birni yana iya faruwa a tafkinmu. Kada mu wanke buhun taki a tafki. Kada mu tara juji ko mu haƙa masai kusa da rijiya ko bakin rafi. Kuma ruwan kogi, kome haskensa, mu tafasa shi kafin mu sha. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Su wane ne ke wanke ruwan ƙazanta?
2. Faɗi abincinsu iri uku.
3. In ƙazanta kilo 200 ce, naitirojin kilo nawa a ke so?
4. Me ke kashe kifi in taki ya shiga kogi?